Yadda ake magance makara da kasala a ƙungiyar kiɗan Sinawa ta makaranta

Ƙarfe uku aka rubuta a allo. Uku ta buga, ɗakin kiɗa ba kowa sai yara bakwai da wanda ya karɓo makulli. Uku da minti goma masu erhu suka fara shigowa bibbiyu, wasu da ledar abinci a hannu. Mai yangqin, wani faffaɗan akwati mai tsirkiyoyi da yawa da ake bugawa da sandunan gora, ta duƙufa tana ɗaure tsirkiyoyi, mai sarewa yana fama da tantanin da ya ɓalle masa, 'yan pipa, wani abin kiɗa mai kama da garaya, sun baje a ƙasa suna naɗa filasta a yatsu. Madugun kiɗa yana tsaye da 'yar sandarsa, ya dubi agogo, ya dubi ƙofa. Sai wajen uku da rabi aka ji sautin farko, shi ma a karkace. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar kiɗan Sinawa a sakandare, a Singafo ne ko Maleshiya ko Hong Kong, ya san irin wannan yammacin.

Ƙungiyar da ake magana a kanta, wadda a Singafo da Maleshiya ake kira huayue, ba tsohon abu ba ne kamar yadda mutum zai zata. Kayan kiɗan sun daɗe, amma tara su wuri ɗaya a gaban madugu aikin ƙarni na 20 ne, kuma Peng Xiuwen na ƙungiyar gidan rediyon Beijing yana cikin waɗanda suka daidaita tsarin tun daga shekarun 1950. Sashe huɗu ne: masu gogawa, masu taɓa tsirkiya, masu busa, da masu ganguna da kuge. Erhu tamkar goge ne mai tsirkiya biyu, an rufe bakinsa da fatar mesa. Suona 'yar'uwar algaita ce a ƙira da ƙara. Da yake kayan Sin ba su cika kaurin murya ba, akan aro celo da babban bes na Turawa su riƙe ƙasa. A makaranta ana iya samun yara arba'in zuwa tamanin, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe abin kiɗa ba sai da suka shiga aji ɗaya.

Jagorar nan domin shugaban ɗalibai ce, da shugabannin sashe, da malamin da aka ɗora wa kula da su. Zan fi ɗauko misali daga Singafo, don tsarinsu a fili yake.

Kafin matakai, ga wani labari da kusan kowane ɗan makarantar Sin ya sani, daga rubuce-rubucen Han Fei. Sarki Xuan na ƙasar Qi yana son a busa masa yu, wani abin busa mai bututu da yawa, amma sai mutum 300 sun busa tare. Wani mutum da ake kira Nanguo bai iya ko kaɗan ba, ya shiga cikinsu yana kumbura kumatu, ana ba shi abincinsa kamar kowa. Da sarkin ya rasu, ɗansa Sarki Min ya hau, shi kuwa ɗaya bayan ɗaya yake son ji. Nanguo ya cika wandonsa da iska. A ganina duk matsalar makara da rashin bita tana cikin labarin nan. Yaron da ke zaune a layi na biyar cikin masu erhu ashirin ya riga ya gane cewa in ya zo ba a jin sa, in bai zo ba ba a rasa komai. Ba mugun hali gare shi ba, lissafi ya yi kuma lissafinsa daidai ne. Aikinka shi ne ka sauya tsarin har lissafin ya daina fita.

Mataki na 1: Ƙirga tukuna, faɗa daga baya

Mako biyu kada ka ce wa kowa komai. Ka sa mutum ɗaya a bakin ƙofa da rajista, ya rubuta abu uku: lokacin da kowa ya shigo, lokacin da aka fitar da sautin farko tare, da lokacin da aka tashi. Wanda ya makara a tambaye shi daga ina yake, cikin sakin fuska, a rubuta.

Abin da takardar za ta nuna yakan ba shugabanni mamaki. Sau da yawa masu makara ba su wuce goma ba, kuma rabinsu 'yan aji ɗaya ne da malaminsu ke riƙe su bayan an tashi, ko masu ƙarin darasi, ko waɗanda aka sallama ƙarfe biyu da rabi suka tarar da layi a kantin abinci. Waɗannan ba wa'azi suke bukata ba, malamin ƙungiya ne zai je ya yi magana da malamin ajin. Sauran kaɗan ɗin su ne masu jan ƙafa na gaske. In ka tara mutum sittin ka zazzage su saboda laifin mutum biyar, ka ɓata wa hamsin da biyar rai a banza, biyar ɗin kuma watakila ba su ma iso ba lokacin da kake faɗan.

Bayan mako biyun ka rubuta musu lissafi ɗaya a allo: mutum 60, kowa ya jira minti 15, minti 900 ke nan, awa 15 na rayuwar mutane a zama ɗaya. Ka bar shi a allon, ba sai ka ƙara magana ba.

Mataki na 2: A yarda da abin da "ƙarfe uku" ke nufi

A nan yawancin ƙungiyoyi ke tuntuɓe. Ga madugu, ƙarfe uku lokacin ɗaga sanda ne. Ga yaro, ƙarfe uku lokacin taka bakin ƙofa ne. Kowa yana ganin yana kan gaskiya. A kashe gardamar da magana ɗaya: lokacin da aka rubuta shi ne na sautin farko, kowa na zaune, kayansa a saite, takarda a buɗe, fensir a gefe. Daga nan sai a yi lissafi da baya, kuma ba lissafi ɗaya ba ne ga kowa, domin kayan ba wahalarsu ɗaya ba.

Yangqin ce uwar jinkiri. Samfurin da aka fi gani a makarantu yana da tsirkiya 144, sauti ɗaya yana iya hawa kan tsirkiya uku ko huɗu, kuma in ɗaya ta sauka duk sautin ya yi tsami. A ƙasa mai zafi da laima, inda ake kunna na'urar sanyi a kashe, ba ta zama yadda aka bar ta. Mai yangqin tana bukatar aƙalla minti ashirin, kuma tana bukatar shiru. Kada a bar 'yan suona su fara gwada ƙarfin huhunsu a kanta. In da hali a ba ta makulli ta duba kayan tun lokacin tara, ko a naɗa mata mataimaki daga juniyoyi, shi ma ya koya. Guzheng, dogon abin kiɗa da ake kwantarwa a taɓa da yatsu, tsirkiya 21 ce, kowace a kan ɗan katakonta mai motsi, irin wanda masu goge da garaya ke kira jaki, kuma ɗaukar ta daga ma'aji kawai yakan gusar da su. Minti goma sha biyar.

Masu pipa faratan roba biyar suke ɗaurawa a hannun dama da filasta. Sabon shiga zai ci minti goma a kai, ya ɗaure, ya kwance, ya sake. A koya musu su yanka filastar tun a gida su manna a jikin kati. Sarewar dizi kuma tana da wani rami tsakanin na busawa da na yatsu, ana rufe shi da dimo, wani tantani siriri da ake ɓarowa daga cikin karan iwa. Shi ke ba ta wannan zaƙin mai ɗan kurman amo. Sai an ja shi ya yi 'yan tattara a kwance, in ya yi tauri da yawa muryar ta bushe, in ya saki sai ta shaƙe. Abin da aka fi manna shi da shi shi ne ejiao, ƙullun da ake dafawa daga fatar jaki. (Haka ne, shi ne dai abin da cinikinsa ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, kodayake magani da kayan gyaran jiki ne ke cinye shi, ba masu sarewa ba. Wasu ma ruwan tafarnuwa suke shafawa.) Dokar a nan: ba a manna sabon tantani a ɗakin atisaye. A gida ake yi da daddare, a zo da sarewa ta biyu in akwai. Sheng, mai bututu da harsunan ƙarfe a ciki, in ta yi sanyi numfashi ya shige ta sai raɓa ta kwanta kan harsunan, sautin ya toshe. A rungume ta ko a ɗumama ta kafin a fara. Masu erhu nasu da sauƙi, tsirkiya biyu ce a kan sautin D da A, sai ɗaure baka da goga ƙaro, minti biyar ya isa. To su da masu liuqin da ruan, kayan tsirkiya dangin pipa, su ne za su jera kujeru da ƙarafan ɗora takarda, su taya masu ganguna turo kaya, domin mutum huɗu ba za su iya kinkimar kayan da suka fi kowa nauyi su kaɗai ba.

Ka rubuta wannan a takarda ɗaya ka manna a ƙofa: yangqin da ganguna uku saura ashirin, guzheng da sheng saura kwata, kowa da kowa saura goma, saita murya tare saura biyar, sanda ta tashi ƙarfe uku. In jadawalin makaranta bai ba da wannan sararin ba, to ƙarfe ukun ƙarya ce tun asali. A mayar da ita uku da kwata a riƙe ta da gaske. Gara lokacin da ake cikawa da wanda ake ta yafewa.

Mataki na 3: A fara ko da mutum goma ne, a kuma tashi a kan lokaci

Ranar farko za ta yi ciwo. Kujeru rabi babu kowa, madugu ya ɗaga sanda. A haka za a fara. Duk ranar da aka jira mai makara, an koya wa wanda ya zo da wuri cewa shi ne wawa, kuma mako mai zuwa ba zai sake ba. Wanda ya iso a makare ya saita kayansa a waje, ya tsaya bakin ƙofa har sai an dakata, sannan ya shiga ya zauna ba tare da an tanka masa ba. Tsayuwar nan da idon mutum hamsin ta fi kowace irin tsawa.

Minti goma na farko kuma su zama masu daɗi. In kullum da kiran suna da sanarwa ake buɗewa, babu abin da mai makara ya rasa. A buɗe da abin da yaran ke so, irin waƙoƙin sabuwar shekara masu zafi da ganguna, ko a yi sanarwar wanda zai yi solo a daidai lokacin. Rajista kuwa shugaban kowane sashe ya duba mutanensa da ido ya yi alama, ba sai an ɓata minti bakwai ana kiran sunaye ba.

Sai ɗaya rabin alkawarin, wanda manya suka fi karyawa. In an ce shida, to shida. Madugu yana cikin shauƙi ya ce "sau ɗaya kawai mu ƙara", sau ɗayan ya zama huɗu, uwa tana mota a bakin get, yaro yana da lesin ƙarfe bakwai a wata unguwa. Wanda ba ka girmama lokacin tashinsa ba ba zai girmama lokacin farawarka ba. Shugaban ɗalibai ya samu madugu a keɓe tun kafin a fara: "Laoshi, in shida saura minti biyar ta yi zan ɗaga maka hannu, don masu ganguna su samu su kwashe kaya." Laoshi shi ne malam a bakinsu. Da wuya malamin da zai ƙi wannan in an faɗa da ladabi kuma ba a gaban yara ba.

Wani ɓarnar lokacin ba a ganin sa. Madugu ya tsaya minti arba'in yana gyaran masu erhu, 'yan suona da masu kuge suna zaune suna ƙirga silin. Yaron da ya zo awa uku ya buga kuge sau shida, me zai sa ya yi sauri gobe? A fitar da tsarin atisaye tun kwana ɗaya kafin ranar: daga ƙarfe kaza zuwa kaza gaɓa ta 40 zuwa ta 80 a takardar waƙar, masu gogawa kaɗai, sauran su tafi ɗakunansu su yi nasu.

Mataki na 4: A toshe maɓoyar Nanguo

Ba ana nufin a tsayar da yaro a gaban jama'a a kunyata shi ba. Wannan yana korar mutane, kuma mai tsoro hannunsa ƙara sanƙarewa yake yi. Abin da ake so shi ne kowa ya san cewa a kowane mako akwai kunnen da zai ji shi shi kaɗai.

Hanya mafi sauƙi ita ce a atisayen sashe. Shugaban sashe ya zaɓi gaɓa takwas, ya sanar tun mako guda kafin nan, ranar kuma a bi su tebur-tebur, mutum biyu-biyu. Shi zai fara, kuma in ya yi kuskure ya yi dariya ya sake, don a ga ba kotu ba ce. Bayan kowane tebur a faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, a wuce. Mutum ashirin ba za su ci fiye da minti goma sha biyar ba.

Ta biyu ita ce waya. Kowa ya ɗauki muryar kansa na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, ya tura wa shugaban sashensa kafin daren Lahadi. Shugaban kaɗai, ba zauren WhatsApp na kowa da kowa ba. Amfanin wannan ba a sauraron shugaban yake ba. Kafin yaro ya yarda ya tura, sai ya ɗauka sau shida ya goge, ya yi bitar da aka daɗe ana roƙonsa ke nan ba tare da ya lura ba. Amma fa dole a amsa. Layi ɗaya ya isa: "Gaɓa ta 52 yatsanka na uku yana ƙasa kaɗan, saura ya yi." In aka tura sau biyu ba amsa, an gama turawa. Saboda haka kada shugaba ɗaya ya ɗauki fiye da mutum shida ko bakwai. A raba manyan sassa a tsakanin siniyoyi.

Ta uku, a riƙa juya wurin zama. In kullum gwanaye ne a gaba, raunana a baya, na bayan ba ya jin kowa sai irinsa, kuma nesa da idon madugu. A haɗa gwani da sabo a tebur ɗaya, a sauya layi duk wata. Jeren ranar hawa dandamali daban ne, wannan sai an gwada kowa, kuma a bayyana tun farko cewa halarta tana cikin abin da za a duba. In aka ba kujerar gaba ga gwanin da ke zuwa ran da ya ga dama, an gaya wa sauran cewa rajistar wasa ce.

Wadda na fi so ita ce ta huɗu: ƙananan ƙungiyoyi. A ware mutum biyar zuwa takwas, erhu ɗaya, dizi ɗaya, pipa, yangqin, ruan, kamar yadda ake kiɗan sizhu na yankin Jiangnan, inda kowane abin kiɗa mutum ɗaya ke riƙe da shi. A ba su gajeriyar waƙa da ranar da za su yi ta a taron safe ko a gidan tsofaffi. A nan in ba ka zo ba akwai rami a tsakiyar waƙar, kuma abokanka ne za su neme ka a waya, ba kwamiti ba. Yaran da aka yanke wa ƙauna sukan farfaɗo a irin wannan wuri.

Mataki na 5: A daina cewa "ku je ku yi bita"

Wannan magana ba ta da hannu ba ta da ƙafa. Yaro ɗan shekara 13 zai koma gida ya ɗauki erhu ya bi waƙar daga farko, ya ji daɗin inda ya iya, ya yi tuntuɓe a inda bai iya ba, ya tsallake, ya rufe akwati. Ya yi rabin awa, bai ƙaru da komai ba. A ƙarshen kowane atisaye a bar minti uku kowa ya ɗauki fensir ya zagaye wurare biyu, ya rubuta saurin da ake so. "Gaɓa ta 45 zuwa ta 52, a bugu 72 a minti, kafin Alhamis." Wannan aiki ne da mutum zai iya cewa na yi ko ban yi ba.

Minti ashirin kullum sun fi awa uku ranar Lahadi, domin yatsa da leɓe maimaici suke ganewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda zan raba su. Minti huɗu na farko dogon sauti: mai erhu ya ja baka daga gindi zuwa ƙarshe a kan tsirkiya sake, a hankali, yana sauraron ko muryar tana rawa, mai busa ya riƙe sauti ɗaya da manhajar saita murya a gabansa, mai pipa ya yi lunzhi, wato mirgina yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya, a sannu har kowane yatsa ya fito da ƙarfi ɗaya. Minti huɗu na biye hawa da saukar sautuka a mabuɗin waƙar da ake koyo. Wannan yana da muhimmanci na musamman saboda irin rubutun da yawancinsu ke karantawa, jianpu, lambobi ne daga 1 zuwa 7, sifili kuma shiru, ɗigo a sama ko a ƙasa yana nuna tudu ko kwari. Lambar ba ta da mazauni ɗaya. In an rubuta 1=D, tsirkiyoyin erhu biyu 1 da 5 ne; in aka koma 1=G, sun zama 5 da 2. Yaron da bai zauna da wannan ba zai ga 5 ya kai yatsa inda ya saba, ya fito da wani abu dabam, ya ɗauka kunnensa ne ba shi da kyau.

Minti goma na tsakiya na wuraren da aka zagaye ne, su kaɗai. A kunna metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, a saurin da ba za a yi kuskure ba, ko da rabin na gaske ne. In an yi sau uku a jere ba tangarɗa, a ƙara bugu huɗu. In an yi kuskure, ƙirga ya koma farko. Gundura gare shi, babu musu, amma ban san wata hanyar da ta fi shi ba. Minti biyun ƙarshe yaro ya kaɗa abin da ransa ke so, ko waƙar fim ce, don ya rufe akwati yana marmarin gobe. Ya sassauta baka, ya goge ƙurar ƙaro daga tsirkiya da fata.

Akwai uzurin da gaskiya ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Singafo a gidajen bene na gwamnati suke zaune, bango ɗaya da maƙwabci. Ba mai busa suona a irin wannan gida da daddare ya kwana lafiya. Yangqin da guzheng da ganguna kuma na makaranta ne, ba sa shiga jaka. Maganin shi ne a buɗe ɗakin kiɗa: rabin awa kafin taron safe, ko ranakun da babu atisaye, da takardar da ake rubuta suna a kama lokaci. Mai erhu ya sa makari a kan jaki, ko ya zura fensir tsakanin tsirkiya da fata, muryar za ta koma raɗa. Mai ganga ya yi da faifan roba ko matashi. Mai yangqin ta zana jeren a kwali ta bi da sandunanta na gora. Kafin ka ce yaro malalaci ne, ka tambaye shi a ina yake bita, da ƙarfe nawa.

Mataki na 6: Fashi, izini da iyaye

A sakandaren Singafo dole ne kowane ɗalibi ya shiga wani aiki na bayan aji, abin da suke kira CCA, kuma a tsarin maki na LEAPS ana neman halartar aƙalla kashi 75 cikin 100 a shekara. Wannan lamba takobi ce mai kaifi biyu. Wasu yaran sun iya lissafinta sarai: atisaye ɗaya cikin huɗu nasu ne su ci. Wasu kuma ba kiɗan suka zaɓa ba, nan aka jefa su da suka rasa zaɓinsu na farko. Kada ka yaudari kanka cewa kowa zai ƙaunaci huayue. Abin da za ka iya nema a wurin kowa shi ne cika alkawari.

A fitar da kalandar zango gaba ɗaya a makon farko, a aika wa iyaye, har da ranakun hutun Maris da na Yuni da za a bukaci yaran, tun kafin a sayi tikitin tafiya ko a sa lesin a ranar. Izini kuma a nema kafin lokaci, kai-tsaye wurin malami da shugaban sashe, ba saƙon baki ta hannun aboki ba. Wanda ya yi fashi, ko da dalili mai kyau, yana da bashi: ya kwafi alamomin fensir daga abokin teburinsa, ya tura muryar gaɓoɓin da aka yi. Ba horo ba ne, kuma a gaya masa haka. Makon jarrabawa a sassauta da gaske, kada a ce an dakatar sannan a kira "ɗan gajeren" atisaye na awa biyu.

Iyaye da yawa ba su taɓa jin abin da 'ya'yansu ke yi ba sai ƙugin erhu ta bayan ƙofa. A gayyace su atisaye ɗaya a zango, su zauna a baya minti talatin. Uban da ya ga 'yarsa ita kaɗai ce mai sheng a ɗakin zai yi tunani sau biyu kafin ya sa mata likitan haƙori ranar Talata da yamma.

Mataki na 7: Hukunci, kaɗan kuma tabbatacce

Ban yarda da tarar kuɗi ko zagaye fili da gudu ba. Mai kuɗi zai sayi makararsa, gudu kuma ba ya gyara gaɓa ta 45. Makara ta farko a rubuta. Ta biyu a wata ɗaya, shugaban sashe ya zauna da shi su biyu. Ta uku, shi ne zai zo da wuri ya jera kujeru mako mai zuwa, malami kuma ya kira gida. Abin da zai sa wannan ya yi aiki shi ne ya hau kan kowa. Ran da shugaban ƙungiya ya makara, a rubuta sunansa da hannunsa, ya jera kujeru juniyoyi suna kallo.

Mataki na 8: Bayan an sauko daga dandamali

Bikin Matasan Singafo, SYF, wanda aka fara a 1967, shi ne babban abin da ƙungiyoyin makarantu ke hari. 'Yan sakandare sukan fita duk bayan shekara biyu, a shekarun da ba sa rabuwa biyu, wajen watan Afrilu, kuma tun 2013 aka daina rabon zinariya da azurfa aka koma takardun shaida. Watanni uku kafin nan ba ka bukatar jagora, tsoro ma ya isa ya kawo kowa da wuri. Ainihin wahalar tana zuwa ne a watan Mayu, lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka ajiye kaya suka fuskanci jarrabawa, ƙungiya ta rasa gwanayenta a rana ɗaya, kuma babu wani abu a gaba sai shekara biyu.

Saboda haka kafin a je SYF a riga an sa ranar abu na gaba, ko ƙarami ne, cikin mako shida zuwa takwas: wasan ƙananan ƙungiyoyi, ko musayar ziyara da wata makaranta, ko a kwashi yaran zuwa zauren taro na Shenton Way su ga ƙungiyar kiɗan Sinawa ta ƙasar Singafo, SCO, su lura da yadda kowa ke zaune a saite tun kafin madugu ya fito. Sababbin shugabanni kuma a zaɓe su tun watan Fabrairu su bi tsofaffi suna gani, kuma a duba rajista wajen zaɓen, ba gwaninta kaɗai ba. Ranar miƙa mulki a ba su makulli, da rajistar shekara, da takardar nan ta bakin ƙofa mai lokutan yangqin da ganguna. Su sake mako biyun ƙirga daga farko, domin jadawalin azuzuwa ya sauya, kuma ajin da ake riƙewa bana ba shi ne na bara ba.